Manhajar shagon kofi a Gombe: an saukar da ita, amma an koma kiran waya

Mai Shago: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ƙaramin shago a kusa da GRA a nan Gombe inda muke sayar da kofi da shayi da gahawa, tare da kek da samosa, kuma bara muka sa aka haɗa mana manhajar waya domin masu son yin oda kafin su iso da kuma waɗanda ke son a kai musu ofis. Mutane sun saukar da ita ba laifi, amma yanzu mafi yawansu sun koma kiran lambar shago ko turo saƙo ta WhatsApp, har ta kai yaron da ke kan kantar shagon yana maƙale da waya a kafaɗa yana zuba madara. Mun yanke shawarar sake mata fasali, kuma wanda zai yi aikin ya turo mana zane mai kyau da sababbin launuka, amma ina so in ji ra'ayinku kafin in biya. Ga yadda take a yanzu, na kuma haɗo muku da hotunan shafukanta. Idan mutum ya buɗe ta, sai ta nemi ya yi rajista da suna da imel da kalmar sirri da ranar haihuwa, sannan ta nuna masa hotunan talla masu juyawa, daga nan ya zaɓi rukuni, ya zaɓi abin sha, ya zaɓi girman kofi da madara da sukari, kowanne a shafinsa daban, kafin ya kai ga biya da kati. Daga ina ya kamata mu fara?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin launi tukuna, domin a cikin duk abin da ka lissafa babu inda launi ya hana kowa sayen kofi. Ka ƙirga shafukan da mutum zai ratsa kafin ya biya, za ka ga sun doshi goma, alhali kiran waya ba ya ɗaukarsa minti ɗaya. Babban cikas shi ne rajistar da aka gindaya a ƙofa: mutumin da bai ga abin da kuke sayarwa ba, bai ga farashi ba, an ce ya kawo imel ya kuma ƙirƙiri kalmar sirri. Mutanenmu da yawa suna da imel ne kawai saboda mai gyaran waya ya buɗe musu shi ranar da suka sayi wayar, kuma ba su taɓa leƙa shi ba. A bar mutum ya ga kaya da farashi nan take, sai lokacin tura oda a nemi suna da lambar waya kaɗai. Ranar haihuwa kuwa a cire ta gaba ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi cewa a tsaya ga bayanan da aikin ke bukata, kuma ban ga abin da ranar haihuwar mutum za ta ƙara wa kofinsa ba.

Hajiya ta Sakatariya: Injiniya ya yi gaskiya, amma ni ba rajista ce ta kore ni ba, domin sau ɗaya ake yin ta a wuce wurin. Ina cikin waɗanda suka saukar da manhajar taku, Alhaji, kuma abin da ya sa na daina shi ne biyan kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, hatta mai sayar da awara a bakin ofishinmu tiransifa take karɓa, amma manhajarku ba ta san komai ba sai kati. Mutum zai tsaya ya lalubo katin a jaka, ya rubuta dogayen lambobi, ya jira lambar tantancewa daga banki, wadda wani lokaci sai ta iso bayan shafin ya riga ya rufe kansa. Ranar da na haƙura kuwa, an cire kuɗin a asusuna, alat ya shigo, amma manhajar tana ta juya ɗan da'irar nan ba ta ce an karɓa ba, ba ta ce ba a karɓa ba. Dole na kira shagon domin in tabbatar, kuma tunda ƙarshenta sai na kira, sai na ga gara in fara da kiran tun farko.

Ɗalibi daga Tudun Wada: Ranku ya daɗe, ku yi mini izini in sa baki a madadin mu ɗaliban jami'ar jiha, tunda muna cikin masu sayen kofi lokacin jarrabawa. Yawancinmu Itel da Tecno da Infinix muke riƙewa, kuma ma'ajiyar wayar kullum a cike take da takardun karatu da hotuna. Idan waya ta fara kukan babu wuri, manhajar da ake fara gogewa ita ce wadda ba a buɗewa kullum. Ga kuma hotunan tallan nan masu juyawa, waɗanda ke cin data kafin mutum ya ga farashin shayi, kuma idan sabis ya yi rauni a cikin ɗakin kwana sai shafin ya tsaya fari fat. Tambayata ita ce, shin dole ne sai manhajar da ake saukarwa? Shafin intanet mai sauƙi wanda za a buɗe daga mahaɗin da aka turo ta WhatsApp ba zai wadatar ba?

Mai Zane: Ina so in ɗan kare sana'ata, domin na ga an fara mayar da zane tamkar kwalliya. Na yarda ba launi ne kan gaba ba, amma akwai launin da ke hana karatu. Shagunan kofi suna son rubutu ruwan ƙasa mai haske a kan farin da ya sirka da rawaya, kuma abin yana da kyau a kwamfutar mai zane a cikin ɗaki mai sanyi, amma ka fita da wayar tsakar ranar watan Afrilu a Gombe ka gani, rubutun ɓacewa yake yi. Ƙa'idar da duniya ke bi wajen sauƙaƙa shafuka ga masu raunin gani ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma akwai kayan aunawa kyauta. Haka ma girman maɓalli: Google na ba da shawarar duk abin da za a latsa ya kai kimanin milimita 9 a kowane ɓangare, saboda yatsa ba alƙalami ba ne. Na duba hotunan da Alhaji ya turo, alamar ƙari da ta ragi na sukari suna manne da juna, kuma maɓallin tura oda yana can sama ta hagu, inda babban yatsa ba ya kaiwa idan mutum yana riƙe da waya da hannu ɗaya a cikin Keke Napep. A sauko da shi ƙasa, a rubuta jimillar kuɗi a jikinsa. Girma da madara da sukari kuma su dawo shafi ɗaya, a riga an zaɓa wa mutum abin da aka fi saye, shi kuma ya canza idan yana so. Sannan a gwada salon haruffan da za a yi amfani da shi, domin wasu ba su da ɗ da ƙ da ɓ, wasu ma ba su da alamar naira, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gaban farashi.

Injiniya: Ban musa ba, Malama, abin da kika lissafa duka aiki ne, ba kwalliya ba. Bari in koma kan ƙorafin Hajiya, domin a nan ne kuɗi da amana suke. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna da tsarin biya ta tiransifa, inda za a nuna wa mai saye lambar asusu ta wucin gadi wadda aka ware wa odarsa, ya tura daga bankinsa ko daga OPay ko PalmPay ko Moniepoint, kuma da zarar kuɗin sun sauka sai kamfanin ya sanar da na'urar shago kai tsaye. Wannan ya raba yaron kanta da duba hoton risiti, ya kuma rufe ƙofar alat na bogi. Amma fasahar kaɗai ba ta isa ba idan manhajar ta yi gum. A cikin ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, ya fitar a 1994, ta farko ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. Saboda haka maimakon da'ira mai juyawa, a rubuta da kalmomi: muna jiran tabbaci daga banki, kada ka sake biya, ko kuma, kuɗinka sun iso, an fara haɗa kofinka, ko kuma, ba mu ga kuɗin ba, ga lambar odarka, ga maɓallin kiran shago. Kowace oda ta samu lambarta tun kafin a biya, ta yadda idan sabis ya yanke mutum ya sake latsawa, ba za a haɗa kofi biyu ba, ba za a cire kuɗi sau biyu ba. Kuma a bar zaɓin biya a kantar shago, da kuɗi a hannu ko da POS, ga mai zuwa ya karɓa da kansa.

Mai Shago: Wannan na ƙarshen yana ba ni tsoro, Injiniya, domin mutum zai iya yin oda, a haɗa, ya ƙi zuwa, kuma kofi ba ya komawa tukunya. Duk da haka na sa yaron da ke kan kanta a cikin zauren nan, domin shi ne ya fi kowa sanin abin da ke faruwa bayan oda ta shigo.

Mai Haɗa Kofi: Ina gaishe da manya. Da izinin Alhaji zan faɗi abin da nake gani. Manhajar tana gaya wa kowa cewa odarsa za ta kammala cikin minti goma, ko mutum ɗaya ne a gabana ko layi ya kai bakin ƙofa, kuma injin kofi ɗaya muke da shi. Da safe, lokacin da ma'aikata ke wucewa, oda huɗu ko biyar za su faɗo a tare ina cikin sallamar waɗanda ke tsaye, sai mai odar waya ya iso a kan lokacin da aka faɗa masa ya tarar ban ko taɓa kofinsa ba, wanda ke tsaye kuma ya ga na tsallake shi na sallami wanda ya shigo yanzu, kowa ransa a ɓace. Idan aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta injin ya sake ɗaukar zafi, an ɗauki lokaci, amma manhajar tana nan a kan minti gomanta. Idan madarar ruwa ta ƙare ko samosa ta ƙare, ba ni da inda zan latsa in cire su, sai dai in kira mutumin da ya riga ya biya in ba shi haƙuri. Ranar Juma'a muna rufewa mu tafi masallaci, mu dawo mu tarar da oda tana jira tun ƙarfe ɗaya. A azumin da ya wuce kuwa, kowa yana son gahawarsa da samosarsa su kasance a hannu dab da kiran sallar magariba, kuma manhajar ta karɓi duk wanda ya turo ba tare da ta tambayi ko za mu iya ba. Mai kiran waya kuwa ina gaya masa gaskiya, in ce Yallaɓai ka ba ni minti ashirin, shi ya sa suka fi son kira.

Injiniya: Alhaji, wannan bayanin ya fi duk abin da muka faɗa nauyi, kuma ina roƙon a karanta shi sau biyu. Manhajar tana ɗaukar alkawarin da kantar shagon ba za ta iya cikawa ba, kuma babu zanen da zai gyara haka. Ba ku kaɗai abin ya taɓa samu ba. Starbucks, babban kamfanin shagunan kofi na Amurka, sun fara gwada yin oda da biya ta waya a birnin Portland a ƙarshen 2014, suka baza tsarin a faɗin Amurka a 2015, amma zuwa farkon 2017 kamfanin da kansa ya amince cewa cunkoso a wurin miƙa kofi yana sa wasu masu shigowa su ga taro su juya. Matsalar ba ta gushe ba, domin Brian Niccol, wanda ya karɓi shugabancin kamfanin a watan Satumban 2024, ya sa burin a miƙa wa mai shigowa kofinsa cikin minti huɗu, ya kuma sanar da rage jerin kayan da ake sayarwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Idan kamfani mai wannan ƙarfi ya gano cewa gyaran yana bayan kanta, to shago mai inji ɗaya ya fi bukatar farawa daga can. A taƙaice manhaja biyu kuke bukata, kuma ta yaron nan ce ta farko: allo mai manyan maɓallai inda zai karɓi oda ko ya ƙi, ya zaɓi minti goma ko ashirin ko talatin, ya kashe abin da ya ƙare da latsawa ɗaya, ya kuma dakatar da karɓar oda idan wuta ta ɗauke ko lokacin salla ya yi. Na azumi kuwa, a raba lokacin kafin magariba gida-gida, kowane gida da adadin odar da zai ɗauka, idan ya cika ya rufe kansa, mutum ya zaɓi wani gidan da bai cika ba.

Baba na Jekadafari: Na bi muhawarar tun daga sama, kuma ni a ganina yaron jami'ar nan ya yi tambayar da ba a amsa ba. Alhaji, abokan cinikinka sun riga sun nuna maka hanyar da suke so, sun koma WhatsApp, kai kuma kana neman kashe kuɗi ka janyo su daga inda suka natsu. WhatsApp na 'yan kasuwa yana da wurin jera kaya da hoto da farashi, yana da amsa ta kai tsaye idan an rufe, kuma babu wanda za a koya wa amfani da shi. Mai shayin bakin layinmu da ya hango ka ya san madara nawa kake so, ya san ba ka shan sukari da yawa, kafin ka zauna a benci ya fara jujjuya kofi. Duk manhajar da za ta riƙa tambayata girman kofi da yawan sukari kowace safiya kamar ba ta taɓa ganina ba, to ta gaza shi, kuma ban ga dalilin da zai sa in ba ta wuri a wayata ba.

Mai Zane: Baba, maganarka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ya kamata shafin farko ya zama. Wanda ya taɓa saye, idan ya buɗe, kada ya ga talla, ya ga abin da ya saba sha da farashinsa na yau da lokacin da zai kammala, da maɓalli ɗaya na sake odarsa. Latsawa biyu ko uku, ya gama. Amma ban goyi bayan a koma WhatsApp kacokan ba, domin a can duk oda sai mutum ya karanta, ya amsa, ya lissafa, ya duba shigar kuɗi, kuma mutumin nan shi ne dai mai haɗa kofin. Da ciniki ya ƙaru, saƙonni za su binne juna. Abin da ɗalibin ya kawo shi ne tsaka-tsaki: shafin intanet mara nauyi wanda ke aiki kamar manhaja, a buɗe shi daga mahaɗin WhatsApp ko daga lambar QR da aka manna a kantar shago, wanda ya so ya ajiye alamarsa a fuskar waya, wanda bai so ba babu abin da ya cinye masa.

Injiniya: Na amince da haka ga sababbin masu saye, amma kada a yi gaggawar kashe manhajar da ake da ita, domin sanarwar cewa kofi ya kammala ta fi tabbata a manhajar da aka saukar. Ana iya tafiya da duka biyun a kan rumbun bayanai ɗaya. Game da tsoron Alhaji na wanda zai yi oda ya ƙi zuwa, a buɗe biya a kanta ga lambar wayar da ta taɓa saye ta biya, sabuwar lamba kuma ta fara da tiransifa.

Mai Kai Saƙo: Ni ke kai odar shagon a kan babur, kuma roƙona ɗaya ne. Gurbin adireshi yana neman lambar gida da sunan titi, alhali a Fantami ko Bolari ko Herwagana ba haka ake kwatance ba. Mutum cewa zai yi bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙin get kusa da mai cajin waya. Da yake gurbin ya ƙi karɓar dogon rubutu, sai su rubuta sunan unguwa kawai, ni kuma in yi ta kira kofi yana hucewa. A ba su wuri mai faɗi na kwatance, a bar su su jefa alamar taswira idan sun iya, kuma manhajar ta riƙe kwatancen domin gobe. Masu ofis kuma a tambaye su hawa na nawa da ɗaki na nawa, domin masu gadi ba sa bari in shiga ina nema.

Hajiya ta Sakatariya: Ina da ƙari biyu. Na farko, sunayen abin shan nan na Italiya ba kowa ya san abin da ke cikinsu ba, kuma babba ba ya son ya yi tambayar da za ta nuna bai sani ba, sai ya koma kan shayin da ya saba. Layi ɗaya a ƙarƙashin kowane suna ya isa: kofi mai ƙarfi kaɗan babu madara, ko kofi da madara mai yawa, ko gahawa da citta. A kuma ba mutum zaɓin Hausa ko Turanci tun a shafin farko, ba a ɓoye shi can cikin saituna ba. Na biyu, a daina turo mana sanarwar talla da daddare. Sanarwar da nake so ita ce an karɓi odata, da kuma ta kammala ko mai babur ya taso.

Mai Shago: Na gode ƙwarai. Wanda zai yi aikin ya kuma ba ni shawarar mu saka tsarin tara maki, wanda mutum zai samu kofi kyauta bayan ya sayi wani adadi. Shin wannan ba zai dawo da mutanen da suka tafi ba?

Baba na Jekadafari: Wanda aka cire wa kuɗi aka bar shi yana kallon da'ira, ba maki ne zai dawo da shi ba. A ajiye wannan sai an gyara na gaba da shi.

Mai Zane: Haka ne, kuma kafin a rubuta ko layi ɗaya na sabon aikin, a gwada shi a kan takarda. A zana shafukan da hannu, a ajiye a teburin shago, a ce wa mai saye ya nuna yadda zai sayi kofi da madara babu sukari a kai masa ofis, sannan a yi shiru a kalli inda yatsarsa ta tsaya tana shawagi. Kada a tambaye shi ko ya yi kyau, domin kara za ta sa ya ce ya yi. Nielsen ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana bankaɗo mafi yawan matsalolin, kuma ya fi amfani a yi ƙananan gwaje-gwaje a jere ana gyarawa a tsakani, da a tara mutane da yawa a zama ɗaya.

Ɗalibi daga Tudun Wada: Malama, biyar ɗin nan idan duka daga ofisoshin GRA aka ɗebo su, masu manyan wayoyi da data mai yawa, ai ba za a taɓa ganin matsalarmu ba.

Mai Zane: Ka yi daidai, kuma shi ma ya faɗi cewa idan masu amfanin sun kasu rukuni daban-daban, sai a ɗebi uku ko huɗu daga kowane rukuni. A nan ina ganin ma'aikata da ɗalibai da dattawa, sannan yaron kanta da mai babur a gwada nasu allon daban, a lokacin cunkoson safe, da hannun da ya jiƙe da madara. Idan an kai matakin gwaji a waya kuma, a yi shi a kan mafi arhar wayar da aka samu, da data ba da intanet ɗin shago ba, a tsaye a waje cikin rana.

Injiniya: Alhaji, akwai tambaya ɗaya da nake so ka yi kafin ka sa hannu a sabuwar yarjejeniya. Asusun Play Store da aka ɗora manhajar a kai, da sunan wa aka buɗe shi, kuma a hannun wa ainihin rubutun manhajar da rumbun lambobin abokan cinikinka suke?

Mai Shago: Duka suna hannun wanda ya yi mana aikin farko, kuma ba shi ne zai yi wannan ba.

Injiniya: To a fara da wannan. Idan babu asusun, sabon mai aikin ba zai iya tura gyara zuwa wayoyin da ke ɗauke da manhajar ba, sai dai ya ɗora wata sabuwa a roƙi kowa ya sake saukarwa, ka kuwa ji abin da ɗalibin nan ya ce game da wuri a waya. Ka buɗe asusun masu haɗa manhaja da sunan shagon, Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, sannan ka nemi na farkon ya mayar da manhajar zuwa can, domin akwai hanyar yin hakan a hukumance ba tare da an rasa waɗanda suka saukar ba. Ka karɓi rubutun manhajar da bayanan abokan ciniki a rubuce, kuma a sabuwar yarjejeniyar a bayyana cewa mallakar shago ne. Idan ya amince, ka turo mini ta akwatin sirri in duba ko abin da ya miƙa ya cika kafin ka sallame shi.